Yadda Za Ki Kula da Cikinki a Watanni Ukun Farko

A nan Maraɗi, mace ba ta saurin faɗin cewa ta samu ciki, musamman idan na fari ne. Kunya tana hana ta gaya wa uwar miji, tsoron baki yana hana ta gaya wa maƙwabta, wani lokaci ma maigidan kansa sai ya lura da yadda take kauce wa ƙamshin miya kafin ya gane. Saboda haka da yawa daga cikinmu ba ma zuwa awo sai ciki ya turo riga, wato wajen wata biyar ko shida. Abin da ke damuna a wannan ɗabi'a shi ne, waɗannan makonnin da ake ɓoyewa su ne ainihin lokacin da ake ƙera ƙwaƙwalwar jariri da zuciyarsa da ƙashin bayansa, kuma abin da ya kuɓuce a cikinsu ba ya gyaruwa da cin nama a wata na takwas. Ba dole ba ne ki yi shela. Kina iya rufe sirrinki ga kowa, amma kada ki rufe shi ga ungozomar asibiti.

Fara da riƙe rana

Abu na farko da za ki yi shi ne ki riƙe ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara zuwa, domin daga wannan rana ma'aikatan lafiya suke ƙirga ciki, ba daga ranar da ya shiga ba. Cikakken ciki mako 40 ne, kwana 280, wanda ya yi daidai da kusan wata tara da rabi a lissafin watan sama. Idan kina son ki san lokacin haihuwa da kanki, ki ƙara kwana 7 a kan waccan rana, sannan ki ƙirga wata 9 na kalandar boko. Wadda al'adarta ta fara ranar 1 ga Janairu, alal misali, sai ta sa ran haihuwa wajen 8 ga Oktoba, ko da yake kaɗan ne ke haihuwa a ainihin ranar da aka ƙiyasta. Idan ba ki rubutu, ki ɗaure ranar da wani abu da ba za ki manta ba, kamar kwana uku bayan ƙaramar Salla ko ranar sunan ɗan yayarki, domin wannan ya ishi ungozoma ta yi lissafi.

Idan wata ya ɓata miki da kimanin mako guda, gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani zai iya nuna ciki, kuma fitsarin farko na safe ya fi nunawa. Abin da gwajin ke nema wani sinadari ne da jiki ke fara fitarwa da zarar ƙwan ya manne a bangon mahaifa.

Abin da ke faruwa a ciki

Ga macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ƙwai yana fita ne wajen kwana na 14, ya haɗu da maniyyi a cikin siririn bututun da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Daga nan sai ya riƙa rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, yana gangarowa a hankali har ya isa mahaifa ya nutse a bangonta bayan kwana 6 zuwa 10. A ranar da kika fara tunanin ko wata ya ɓata miki, cikin ya riga ya kai mako 4 a ƙirgen asibiti, alhali abin da ke cikinsa bai kai ƙwayar gero ba.

Makonni biyun da ke biye su ne suka fi kowanne muhimmanci a wurina. A bayan wannan ɗan ƙanƙanin halitta akwai wani shimfiɗaɗɗen sashe da ke naɗewa ya zama bututu, kamar yadda ake naɗe tabarma, kuma daga wannan bututu ne ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya suke fitowa. Yana gama rufewa ne kimanin kwana 28 bayan shigar ciki, wato wajen ƙarshen mako na 6. Idan bai rufe da kyau ba, ana iya haifar jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, ƙafafunsa ba su da ƙarfi, ko kuma kansa bai cika ba. Sinadarin folik asid shi ne babban abin da ke taimaka wa wannan rufewa, shi ya sa ake son mace ta fara shan sa tun tana neman ciki, ko kuwa da zarar ta yi zargin ya shiga. A cikin waɗannan kwanakin ne kuma zuciya ke fara bugawa, kimanin kwana 22 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, kuma ana iya ganin bugun a hoton ciki daga mako na 6 zuwa na 7.

Zuwa mako na 8 ɗan tayin ya kai kimanin santimita ɗaya da rabi, kamar ƙwayar gurjiya, hannaye da ƙafafu sun tsiro, an fara gane wurin idanu da leɓe. A mako na 10 ya kai santimita 3 kuma an riga an aza tubalin dukkan manyan gaɓoɓinsa. A mako na 12 tsawonsa santimita 5 zuwa 6 ne, kamar lemun tsami, yatsunsa sun rabu, ƙodarsa ta fara aiki, yana motsi ko da yake ba za ki ji ba sai tsakanin mako na 16 da na 20. Mabiyiya ma a wannan lokaci take gama kafuwa, ita ce ke ɗebo abinci da iska daga jininki ta miƙa masa ta igiyar cibiya, kuma ta hanyarta ne magungunan da kika sha da gubar da kika ci suke iya isa gare shi.

Je ki awo kafin wata uku ya cika

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farkon kuwa cikin makonni 12 na farko. A Nijar an ayyana awon ciki kyauta a cibiyoyin gwamnati tun 2006, saboda haka ki nufi CSI ta unguwarku, wato ƙaramin asibitin gwamnati, ki kuma riƙe ɗan abin hannu saboda gwajin jini ko hoto. Za a auna nauyinki da hawan jininki, a duba yawan jininki da rukuninsa, a yi gwajin cututtukan da uwa ke iya sa wa jariri, a duba batun allurar rigakafin tetanus, sannan a ba ki katin awo da ƙwayoyin ƙarin jini. Ki faɗi gaskiya game da duk abin da ya taɓa faruwa da ke, ko ɓari ne, ko jijjiga a haihuwar baya, ko tiyata, ko sikila, ko ciwon suga, ko farfaɗiya. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai matsalar ƙashin baya lallai ta ambata, domin ita ana ba ta folik asid mai ƙarfi fiye da na sauran mata.

Ƙwayar ƙarin jinin nan ta ƙunshi sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400, kuma kullum ake shan ta har a haihu. Dalilinta shi ne jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, kuma jiki ba ya iya ƙera wannan jini ba tare da ƙarfe ba. Idan ma'aunin jininki ya gaza giram 11, ana ɗaukar ki mai ƙarancin jini, wanda shi ke kawo jiri da haki da ɗashewar tafin hannu, kuma shi ne ke mayar da zubar jinin haihuwa abin tsoro. Mata da yawa suna jefar da ƙwayar a ƙarƙashin katifa saboda tana tayar musu da zuciya ko tana baƙanta bayan gida, wasu kuma saboda an ce musu tana ƙara wa jariri girma har haihuwa ta yi wuya. Baƙin bayan gida alama ce kawai ta ƙarfen, ba cuta ba ce, kuma ƙwayar ba ta kumbura jariri. Idan tana damun ki da safe, ki mayar da ita bayan tuwon dare, ki kora da ruwa ko ruwan lemo, kada ki kora da shayi ko nono.

Laulayi

Tashin zuciya yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen na 9, ya lafa ga yawancin mata tsakanin mako na 12 da na 16. Babban abin da ke tsananta shi shi ne ciki wayam. Ki ajiye ɗan busasshen burodi, ko ƙuli-ƙuli, ko dabino biyu a kusa da matashinki, ki ci kafin ki sauko daga gado, ki ɗan zauna kafin ki miƙe. Da rana ki raba abincinki kashi biyar ko shida ƙanana maimakon cika ciki sau biyu. Koko mai ɗan tsami da citta yakan zauna a ciki lokacin da komai ya ƙi zama, haka ma kunun tsamiya da ruwan lemun tsami. Idan ƙamshin suyar albasa ko daddawa ne ke tayar miki da amai, wannan lokaci ne da ya kamata ƙanwa ko abokiyar zama ta karɓi girki na ɗan lokaci, kuma ina roƙon uwayen miji su daina kallon wannan a matsayin lalaci ko shagwaɓa.

Kada ki tsorata idan ba ki ƙara nauyi ba a wannan zango, domin rabin kilo zuwa kilo 2 ne kawai ake sa rai a watanni ukun farko. Amma idan ko ruwa ba ya zama a cikinki har tsawon yini da kwana, fitsarinki ya ragu ya yi duhu, kina ramewa, to abin ya wuce laulayi, sai asibiti domin a ƙara miki ruwa.

Abin da za ki zuba a kwano

Maganar cewa mai ciki tana cin abincin mutum biyu ta ruɗi mutane da dama. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin yawan abinci, ingancinsa yake buƙata, sai daga wata na huɗu ne ake ƙara kamar ɗan kwano guda a yini. Matsalarmu a gidaje da yawa ita ce hatsi ya mamaye komai: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, duka daga gero ɗaya. Gero abinci ne mai kyau kuma yana da ƙarfe, amma shi kaɗai ba ya gina jariri. Ki sa wa ranki cewa kowane cin abinci sai an samu hatsi, da wani abu mai gina jiki, da ganye ko ɗan itace, kuma kusan duk abin da ake buƙata yana nan a kasuwanninmu.

Wake shi ne naman wanda ba shi da kuɗin nama. Yana da sinadarin gina jiki da ƙarfe da folik asid, kuma idan aka haɗa shi da hatsi, kamar a shinkafa da wake ko ɗanwake ko ƙosai da koko, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan, domin hakan yana rage kumburin ciki, yana sa ya nuna da wuri ba tare da an cika masa kanwa ba. Tiya guda ta wake da maigida zai ajiye musamman saboda mai ciki ta fi tsire na dare ɗaya amfani. Gyaɗa da gurjiya da riɗi duka suna cikin wannan sahu, kuma ƙasar Maraɗi ce gidansu. Sai dai gyaɗa da masara suna da wani haɗari da ba a cika magana a kansa ba: idan suka sha danshi a ajiya sukan yi funfuna mai fitar da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ki baza gyaɗar a faifai ki tsince duk wadda ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko take da ɗaci, ki zubar.

Zogalen da ake nomawa a fadamun Gulbin Maraɗi, wajen Jiratawa da Tibiri, ni'ima ce da muke wuce ta a bakin hanya ba mu san darajarta ba. Ganyensa yana da ƙarfe da kalsiyam da bitamin A. Ga yadda za ki yi kwaɗon da zai amfane ki sosai: ki tsige ganyen, ki wanke shi da ruwa mai tsabta, ki dafa shi da ruwa kaɗan har ya yi laushi kawai, kada ki bar shi ya daɗe a wuta har ya koma baƙi-baƙi, kuma kada ki sa kanwa domin tana lalata wasu bitamin. Ki daka ƙuli-ƙuli mai kyau, ki yanka tumatir da albasa da kika wanke, ki ɗiga man gyaɗa cokali guda saboda bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, sannan a ƙarshe ki matse lemun tsami a kai. Lemun nan ba don daɗi kawai ba ne, bitamin C ɗin da ke cikinsa shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye. Ganyen kaɗai nake nufi, saiwar zogale da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne. Rama da yakuwa da alayyafo da tafasa da kuka su ma ki riƙa sauya su a miya, kuma idan damina ta yi ganye ya wadata, ki shanya a inuwa ki ajiye saboda rani.

Nama da kifi su ne suka fi ba da ƙarfen da jiki ke saurin ɗauka, ko ƴar tsoka biyu ce a miya tana ƙara wa sauran abincin amfani. Kifin tafkin Madarunfa, ɗanye ko banda, da ƙananan busassun kifin da ake dakawa da ƙashinsu, suna ba da kalsiyam. Ƙwai kuwa, na kaza ko na zabi da ke arha da damina, yana daga cikin mafi kyawun abincin mai ciki, kuma camfin da ke hana ta cin sa ba shi da tushe, muddin an dafa shi ya yi tauri. Fara ma abinci ce mai gina jiki idan an tabbata ba daga inda aka yi feshin maganin ƙwari aka kamo ta ba. Hanta ce kaɗai zan ce a yi hattara da ita: tana ƙara jini, amma bitamin A ɗinta ya yi yawa ƙwarai, kuma yawansa a farkon ciki yana iya lahanta halittar jariri, saboda haka kada a mayar da ita abincin yau da gobe. Kowane nama a tabbatar ya dahu har ciki, balangun da tsakiyarsa ke ja a mayar da shi wuta.

Nono yana ƙarfafa ƙashinki da na jariri, ko na saniya ne ko na jar akuyarmu da aka san ta har ƙasashen waje. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tafasa madarar kafin a sha ko kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke haddasa zazzaɓi da ɓari. Idan za ki sha fura, ki dama ta da ruwan da kika yarda da shi, ki rage suga. Gishirinki ya zama mai sinadarin aidin, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata, ki ajiye shi a rufe nesa da rana. Mangwaro da gwaiba da gwanda nunanna da lemo da kankana da karas da kabewa, ki ci wanda lokacinsa ya kama, bayan kin wanke. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki ajiye ruwa kusa da ke ki riƙa kurɓa duk yini, alamar cewa ya ishe ki ita ce fitsari ya fita fari-fari.

Shayi da goro da kofi suna hana ƙarfe shiga jiki, kuma yawan sinadarin hana barcin da ke cikinsu ba shi da kyau ga ciki. Ki rage su, ki kuma bar tazarar aƙalla awa guda tsakaninsu da abinci ko ƙwayar ƙarin jini. Idan kika ji kina kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara ko gawayi, ki gaya wa ungozoma, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, ƙasar kuma tana ƙara shi, tana iya kawo tsutsar ciki. Idan azumi ya riske ki, kin san addini ya yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta, sai ki nemi shawarar likita a kan lafiyarki, ki tambayi malami yadda za ki rama.

Ga maigida kalma guda: a gidan da ake fara zuba wa maza nama sannan a bar wa mata romo, mai ciki ce ke kwana da asara, musamman yarinyar da aka aurar tana ƴar shekara goma sha, wadda nata jikin ma bai gama girma ba. Ka ware mata rabonta da bakinka, domin kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba.

Magani da sauro

Kada ki sha kowane magani daga farantin masu talla a waɗannan makonni. Wasu kafso da magungunan ciwon jiki da muka saba haɗiya suna iya taɓa halittar jariri ko su jawo zubar jini. Jiƙe-jiƙe da tsimi da abin da ake kira maganin zaƙi su ma ki bar su, ko da daga hannun mai ƙaunarki suka fito, domin babu wanda ya auna ƙarfinsu, kuma wasu saiwoyin suna murɗa mahaifa. Wadda take kan maganin hawan jini ko farfaɗiya kuwa kada ta daina da kanta, ta kai wa likita ya duba ko zai sauya mata.

Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin mai ciki, yana taruwa a mabiyiya ya tauye abincin jariri, yana kuma iya zubar da ciki, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ya fi kamari a wajenmu. Tun daga daren farko ki kwana cikin sange mai magani, ko a ɗaki ko a tsakar gida, ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan jikinki ya yi zafi, ki je a yi gwaji a ranar, kada ki jira ya kwana biyu.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: jini daga gaba ko da kaɗan ne, ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe guda tare da jiri ko ciwon kafaɗa, wanda ke iya nuna cewa cikin ya zauna a bututu maimakon mahaifa, zazzaɓi mai zafi, zafin fitsari, ko ruwa mai wari. Ciki a wajen mahaifa yakan bayyana tsakanin mako na 6 da na 10, kuma idan bututun ya fashe jini a ciki yake zuba inda ido ba ya gani. Ki sani kuma cewa kimanin ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 10 da aka sani yana zubewa, galibi kafin mako na 12, kuma kusan rabinsu saboda matsala ce a ainihin halittar ƙwan, ba don dakan da kika yi ko ruwan da kika ja ba. Ko da ya zube a gida, ki je a duba ko akwai saura a mahaifa.

Idan kika shiga mako na 13, a awo na gaba za a fara ba ki Fansidar, ƙwaya uku da za ki haɗiye a gaban ungozoma domin rigakafin zazzaɓi, kuma za a ba ki ita aƙalla sau 3 da tazarar wata guda tsakani. Ba a shan ta kafin wannan mako, saboda haka kada ki saya da kanki. Daga nan ne kuma ake ba da maganin tsutsar ciki. Ki duba ranar komawa da aka rubuta a katinki, ki ajiye katin a leda cikin jakar da kike fita da ita, kuma idan za a kai ki goyon ciki gidan iyayenki a wata na bakwai, ki tafi da shi domin ungozomar can ta ɗora daga inda ta nan ta tsaya.